Saniyar da Bai Kamata a Buɗe Ba

Alhamis, 4 ga wata, bayan la'asar

Na dawo daga garken bakin rafi. Saniya ɗaya ce ta mutu, ja, mai ciki. Na wanke hannuna sau uku. Takalman roba suna jiƙe a bokitin magani, rigar aikin kuwa na ƙona ta a bayan ofis.

Malam Shiru ya wanke nasa hannun sau ɗaya, yana ba ni labarin wani jaki da ya taɓa cizon wani darakta. Shi ne mataimakina, shekararsa talatin da ɗaya a aikin dabbobi, saura wata biyar ya yi ritaya. Sunan na tsokana ne. Tun da aka turo ni garin nan ban taɓa jin ya rufe baki na minti biyar ba.

Mun binne ta. Ramin bai kai zurfin da ya kamata ba, ƙasar da tauri, mutanen sun gaji. Na aika da jininta ɗakin gwaji.

Sauran ba yau ba.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Darakta ya kira jiya da magariba. Takardar canjin wurin aikina ta iso teburinsa, hannunsa kawai take jira. Shekara huɗu ina neman a mayar da ni kusa da iyalina, sai a wannan makon ta ga damar isowa.

Na faɗa wa matata. Ta yi ihu har na janye wayar daga kunne. Na ji Auta tana tambaya a bayanta, “Da gaske ne wannan karon, ko irin na bara?” Shekararta biyu na baro ta, yanzu ta iya zargi.

Na duba ɗakin nan. Katifa, risho, kujera ɗaya, kwalaye uku da ban taɓa kwance igiyarsu ba. Tsohuwar jarida a manne a taga. Matata kullum sai ta ce in sayi labule, ni kuwa sai in ce mai tafiya gobe me zai yi da labule.

Ya kamata in yi murna.

Asabar, 6 ga wata, da rana

Biyu sun ƙara mutuwa a garken. Ba wanda ya taɓa su. Mun tara tayoyi da itace, mun zuba man dizal, mun ƙona su inda suka faɗi.

A shekarar farko ta makaranta ake koya mana wannan, kafin ma a ba mu wuƙa. Saniyar da ta kwana lafiya ta mutu farat ɗaya, ta kumbura da wuri, gawarta ba ta sandare ba, baƙin jini yana fita ta hanci, ba a buɗe ta. A tsaga bakin kunne, a shafa ɗigon jini a gilashi, a rufe ta, a jira. Muddin tana rufe, ƙwayar cutar tana ruɓewa tare da ita. Da zarar iska ta shiga, sai ta yi ɓawo ta kwanta a ƙasa, ta jira shanun jikokinka.

Ta ranar Alhamis an buɗe ta. A kan ciyawa, taku ashirin daga inda suke shan ruwa.

Lahadi, 7 ga wata, da hantsi

Na duba hannuwana a hasken ƙofa, ciki da baya, har tsakanin yatsu. Babu komai.

Litinin, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Sakamako ya fito. Ciwon saifa ne. Ban yi mamaki ba, na ga saifar da idona, ta kai tsawon damtsena, baƙa ƙirin, tana narkewa a hannu.

An rufe kasuwar dabbobi, an hana garkunan bakin rafi motsi. Mahauta sun taru a ƙofar ofis, wani yana ɗaga murya wai baƙi ne ba su san darajar abincin mutane ba. Ni yake nufi. Ban ji haushinsa ba, yana da yara, kuma teburinsa a kife yake. Malam Shiru ne ya fita ya lallashe su. Ya san sunan uban kowa, ya san wanda ya taɓa sayar da naman akuya da sunan rago. Cikin rabin sa'a suna dariya.

Da ya dawo na ga yana sosa hannunsa na dama, ƙasa da gwiwar hannu.

Na ce, “Malam, mene ne wannan?”

“Sauro ne, Likita. Sauron garin nan ba ya cizon baƙo, ya san jininku da ɗaci.”

Talata, 9 ga wata, bayan magariba

Riga-kafi tun safe, garke bakwai. Kular magani a bayan babur, ƙanƙarar ta narke kafin azahar, sai da muka koma muka sake.

Mai garken bakin rafi dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya riƙe mana shanunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunanta. Sau ɗaya kawai ya dube ni. Yana wurin ranar Alhamis, a tsaye kusa da ni. Ya ji komai.

Malam Shiru ya sa riga mai dogon hannu a wannan zafin.

Laraba, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na kama shi a ɗakin ajiya yana fesa wa hannunsa shuɗin maganin da muke fesa wa shanu a gyambo. Na damƙi hannun na juya shi. Ƙurji ne kamar kwabo, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi, tsakiyarsa ta fara baƙi. Hannun ya kumbura har wuyansa.

“Yana zafi?”

“Ko kaɗan. Ka gani, ba komai ba ne.”

Rashin zafin nan alamar ciwon saifa ce a fatar mutum, kuma shi ma ya san ma'anarsa, ya fi ni sani. Ashe har allurar shanu ya yi wa kansa shekaranjiya, wai ya auna nauyinsa da na maraƙi ya rage kaɗan. Shekara talatin da ɗaya! Na yi masa tsawa kamar ba sa'an babana ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “To, Likita, ka kai ni wurin likitan mutane, mu ga ko sun fi mu iya allura.”

Sun kwantar da shi. An sa masa ƙarin ruwa. Sistar ɗakin ta tambaye ni yaya aka yi ya taɓa jinin ba safar hannu. Na ce aikinmu haka yake.

Alhamis, 11 ga wata, da safe

Mako ɗaya. Shanu tara sun mutu. Hannuwana babu komai.

Juma'a, 12 ga wata, da yamma

Zazzaɓi ya rufe shi. Kumburin ya haura kafaɗa. Na zauna a bencin baranda tare da 'yarsa, malamar makaranta ce, ta zo da littattafan yara tana gyarawa a kan gwiwa.

Na leƙa ta taga. Yana kwance, ido a buɗe, bakinsa a rufe. Shekara huɗu ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru ko na sa'a ɗaya.

Matata ta kira, wai ta fara share ɗakin da zan ajiye littattafaina, ta fitar da keken ɗinki. Na ce ta yi a hankali kada ta ja wa bayanta. Ta ce, “Muryarka fa, Baban yara? Kamar wanda aka ce ya zauna, ba wanda aka ce ya taho ba.” Na ce gajiya ce.

Lahadi, 14 ga wata, da azahar

Ban je ko'ina ba. Na ja kwali ɗaya tsakiyar ɗaki, na dube shi, na mayar da shi.

Ofis ba a buɗe yau, ɗakin gwaji ba sa ɗaga waya, a asibiti sun ce likita sai gobe. Kowa yana da Lahadi ban da ƙwayar cuta.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe sha biyu

Darakta ya zo da kansa. Ya zauna a kujerata, ni na zauna a ta baƙi. Ba mugun mutum ba ne, wannan dole in rubuta. Shi ya yi ta bin takardata ofis-ofis alhali ba abin da zai samu.

Ya ce, “Dokta, daga sama suna son rahoto kafin ranar ashirin da biyu ta wuce. Tambayarsu ɗaya ce, wa ya buɗe saniyar. Ni kuma ina so in sa hannu a rahotonka da takardarka rana ɗaya, in huta da kai.”

Ya gyara zama, ya ci gaba.

“Abin ya zo da sauƙi. Malam ya kira ni tun ranar da za a kwantar da shi. Ya ce shi ya riga ka isa, ya sa wuƙa kafin ka sauka daga mota.”

Na tambaya me za a yi masa.

“Takardar tuhuma. Ƙila a sallame shi kafin lokaci, ba taro, ba takardar yabo. Wata biyar ne fa, Dokta, da ma tafiya zai yi. Amma idan sunan likita ya shiga, sai kwamiti, kuma ka sani ba a canja wa mai jiran kwamiti wurin aiki. Shekara biyu, in an yi sauri.”

Ya miƙe, ya dafa kafaɗata. “Ban ce ka rubuta ƙarya ba. Na faɗa maka abin da mutumin ya ce da bakinsa.”

Bai tambaye ni ko haka aka yi ba. Ina jin da gangan ne.

Talata, 16 ga wata, da safe

Na rubuta shafi biyu: adadin shanu, ranakun riga-kafi, taswirar wurin da za a kewaye da waya. Na bar layi uku babu komai.

Laraba, 17 ga wata, bayan la'asar

Zazzaɓin ya sauka. Kumburin ya fara ja da baya, baƙin ɓawon ya bushe. Tun daga baranda na san ya samu sauƙi, don na jiyo shi yana koya wa Sista yadda ake samun jijiya a wuyan raƙumi.

Da ya gan ni ya ce, “A'a, Likita! Dubiya ka zo, ko ni ma buɗe ni za a yi?”

Ban yi dariya ba. Na jira Sista ta fita, na ja kujera.

“Malam, me ya sa ka faɗa wa Darakta haka?”

“Wa ya riƙe wuƙar? Ba ni ba ne?”

“Ka ce kafin in iso.”

“To, wannan ɗan gishiri ne na ƙara, labari ba ya daɗi haka nan.” Ya gyara kwanciya. “Likita, likitoci goma sha ɗaya na yi aiki da su a ofishin nan. Akwai ɓarawo, akwai rago, akwai wanda yake tsoron kaho. Kai ba ka da ko ɗaya, baƙin rai kawai gare ka, shi ma don iyalinka ba sa kusa ne. Ni gidana ga shi can, ana hango rufinsa daga tagar nan. Tafi ka ga 'yarka kafin ta fara ce maka kawu.”

Na ce ban roƙe shi ba.

“Da ka roƙa ai da ban yi ba.”

Na fito ina jin haushinsa kamar in koma in shaƙe shi. Ban taɓa gayyatarsa ɗakina ba ko sau ɗaya. Ban san sunan matarsa ba. Wane ne shi da zai ɗora mini wannan kaya?

Alhamis, 18 ga wata, da hantsi

Shanu sha ɗaya suka mutu, abin ya tsaya a nan. Kwana huɗu ba wadda ta faɗi. Ya kamata in yi murna.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

'Yar Malam ta same ni a ofis. Ta ƙi zama.

Ta ce maganar ta zaga gari, wai tsufa ya kama Baba, ya yanka saniyar saifa ya kashe wa mutane shanu. Wani mahauci ya faɗa a gaban ƙanenta. Makiyayan da suke sallama a ƙofarsu tun tana goye, ko ɗaya bai je dubiya ba.

“Likita, ni ban yi karatun dabbobi ba. Amma tun ina firamare nake wanke wa Baba gilasan nan nasa. Ko kaza ce ta mutu a gidanmu sai ya duba hancinta kafin ya bari a taɓa. Na tambaye shi, ya ce in bar maganar. Shi ya sa na zo wurinka. Mantawa ya yi?”

Na ce ana kan bincike.

Ta dube ni yadda nake jin tana duban yaron da ya ce littafinsa ya ɓata. Ta ce, “To, Allah ya taimaki masu binciken.” Ta fita, ta ja ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ya fi mini.

Asabar, 20 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta shi ko sau ɗaya, ko a nan ne.

Mun isa tare, a mota ɗaya, wajen ƙarfe uku. Tun asuba muke yawo, ban ci komai ba, kuma da safen na yi waya hedikwata an ce mini ba a san inda fayil ɗina yake ba. Saniyar tana kwance fes. Mai garken ya sa an wanke mata hanci da baki da ƙasan wutsiya, don a ganinsa rashin kunya ne a nuna wa likita dabba cikin ƙazanta. Girmama ni ya yi. Ni kuma ban tambaya ko an wanke ta ba, tambayar da ɗalibi ma zai yi.

A watan da ya gabata kaɗai na buɗe shanu shida na ciro dunƙulen leda daga tumbinsu. Na ga kumburi, na ce leda ce.

Malam ya tsuguna ya taɓa ƙafarta, ya lanƙwasa, ta lanƙwasu. Ya ce, “Likita, ba ta sandare ba fa. Ba ma fara ɗaukar jinin kunne ba?”

Na ce, “Ni ne likita ko kai? Buɗe ta mu tafi.”

A gaban mai garke da 'ya'yansa na faɗa. Safar hannu doguwa guda ɗaya ta rage a motar, tana hannuna, ni da nake tsaye ina nuni da yatsa. Ya dube ni, ya naɗe hannun riga, ya ce bismillah.

Shi ke nan. Bai kai layi uku ba ma idan an taƙaita.

Lahadi, 21 ga wata, da la'asar

Na je bakin rafi duba wayar da aka kewaye wurin. Mai garken ya raka ni har muka zagaye, da zan hau babur ya tsayar da ni.

“Likita, an ce za ka tafi gida.”

Na ce haka ake cewa.

“Allah ya kai ka lafiya. Mu da Malam muna nan.”

Ba da gatse ya faɗa ba. Na yi ta juya maganar a hanya ina neman gatsen, ban samu ba.

Litinin, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai rahoton da hannuna. Darakta ya karanta a tsaye, ya kai shafi na biyu, ya zauna. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

“Har da maganar safar hannu, Dokta? Wa ya tambaye ka wannan?”

Na ce haka aka yi.

“Ka san ba zan iya cire shi ba in na buga hatimi.”

Na ce na sani.

Ya buga. Sannan ya ɗauki ɗaya takardar, wadda na yi shekara huɗu ina jira, ya buɗe aljihun tebur na ƙasa ya sa ta, ya tura da gwiwa. Na ga sunana a kanta kafin ya rufe, sun ma rubuta shi daidai wannan karon.

Na ce ina so a karanta rahoton a taron mahauta da makiyaya na ranar Laraba. Ya ce, “Kai dai ba ka iya faɗuwa a ɓoye ba.”

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Na faɗa wa matata duka, tun daga saniyar. Ina jin ƙarar cokali a tukunya ta cikin wayar.

Ta ce, “Shekara biyu.”

“In an yi sauri.”

“Mutumin ya warke?”

“Ya warke. Tabo zai bari.”

“Da ka zo mini da wannan a cikinka, da ni zan sha baƙin ran, na san ka.” Na ji ta ajiye cokalin. “Amma kai za ka faɗa wa Auta, ni ba zan iya ba.”

Ta ba ta wayar. Na faɗa mata. Ta ce, “Da ma na sani,” ta ajiye wayar a ƙasa ba ta kashe ba. Na zauna ina jin takun ƙafarta yana nisa.

Laraba, 24 ga wata, da yamma

An karanta. Na tsaya a gaba har aka gama. Mahaucin nan mai ɗaga murya ya faɗi abin da ya faɗa, yawancinsa gaskiya ne. Mai garken bakin rafi ya tashi kafin a watse, na ga ya nufi hanyar asibiti, mutum huɗu suna bin sa.

Asabar, 27 ga wata, da hantsi

An sallami Malam jiya. Yau ya zo ɗakina ba gayyata, hannu a naɗe da bandeji, faɗa yake yi tun daga bakin titi.

“Ka ɓata mini ƙarya mai kyau, Likita! Shekara talatin da ɗaya ban yi wa gwamnati ƙarya ba, na yi guda ɗaya tal, ka zo ka rushe ta. Yanzu ga shi sai na yi ritaya in bar ka a nan, wa zai riƙa yi maka magana?”

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya dubi kwalayen, ya dubi jaridar taga, ya karanta kwanan watan da ke jikinta da ƙarfi. Matata ta ce za su zo da hutun makaranta, na faɗa masa. Ya ce a wannan kangon? Ya auna tagar da hannunsa mai lafiya, ya ja ni kasuwa, yana ba ni labarin jakin nan da darakta tun daga farko. Na bar shi ya kai ƙarshe. Ashe jakin ne ya mutu.

Mun sayo labule, kore. Mun ɓare jaridar, mun rataya shi. Awon Malam ya gaza da kamar yatsa huɗu, rana tana shigowa ta ƙasa.

Na bar shi haka. Na ɗauko wuƙa na yanke igiyar kwalin farko.